Hazo da Laka a Wuskin Gida: A Tace, a Sanyaya, ko a Bar Shi da Ƙarfinsa?

Barasar da ta yi wata shida ko shekara a cikin itacen oak takan fito garau, har ana hango yatsa ta bayan kwalba. Matsala takan faro ne ranar da aka zuba mata ruwa don a sauko da ƙarfinta daga kashi 60 da ɗoriya zuwa kashi 40 cikin 100. Wata nan take za ta yi fari-fari. Wata sai ta kwana biyu a ɗaki mai sanyi kafin hazon ya bayyana, wata kuma sai bayan wata biyu a ga wani farin abu ya kwanta a gindin kwalba. Masu dafa barasa a gida a Niyu Zilan, inda doka ta ba da dama tun 1996 ga mai yi don kansa ba don sayarwa ba, suna fama da wannan daidai da yadda manyan masana'antun wuski na Sikotland da na jihar Kentaki ta Amurka ke fama da shi. Sinadarin ɗaya ne, girman tukunya ne ya bambanta. A Amurka da Birtaniya aikin sai da lasisi, a jihohin arewacin Najeriya masu bin shari'a kuwa haramtacce ne.

Hanyoyin gyara suna da yawa: a bar ta ta kwanta a tsiyaye, a tace da takarda, a sanyaya sannan a tace, a tsaya a kashi 46, a canja ruwan sirki, a bi ta gawayi, ko a mayar da ita tukunya. Kowace hanya nata hazon take magani, kuma wasunsu suna tafiya da ɗanɗanon da aka yi watanni ana jira. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko matata tun ba a san abin da ake son cirewa ba.

Gane hazon kafin a taɓa shi

A ɗebi mililita 50 sau uku a ƙananan kwalaben gilas masu murfi. Ta farko a tsoma ta cikin ruwan ɗumi mai digiri 35 zuwa 40 na minti goma, a rufe, nesa da wuta, domin barasa mai kashi 40 tana iya kamawa tun daga wajen digiri 26. Ta biyu a ƙara mata mililita 10 na barasar da ba a sirka ba. Ta uku a ajiye ta kwana uku ba a girgiza ba, sannan a haska mata tocila ta gefe a cikin duhu.

In ta farko da ta biyu sun washe, hazon na mai ne, wato wanda sanyi da ƙarancin ƙarfi ke fito da shi. In ɗumi bai yi masa komai ba, kuma tocila ta nuna ƙananan ƙyalƙyali masu tsini ko farin gari a ƙasa, gishirin kalsiyam ne daga ruwa. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo da suka nutse garin gawayin ganga ne. Farin da ya taso nan take bayan zuba ruwa, ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama cikin awa ɗaya, iska ce kawai. Haɗuwar ruwa da barasa tana ɗan ɗumama su ta saki ƙananan kumfa, ba abin yi sai jira. Launin shuɗi ko kore kuwa wani babi ne daban, za mu zo gare shi.

Kwantarwa da takarda sun ishi abin da ido ke gani

Garin gawayi da ɓarɓashin katako su ne mafi sauƙin sha'ani. A juye barasar cikin babban tulun gilas, a bar ta kwana uku zuwa bakwai, a zuƙe ta sama da siririn tiyo, a bar santimita biyu na ƙasa. Wannan ragowar ce kaɗai ke bukatar takarda. Takardar tace kofi tana kama abin da ya kai kimanin mikron 20 (mikron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), kuma hakan ya wadatar ga gawayi. A fara wanke ta da ruwan zafi don kada ta ba barasar warin kwali, a rufe bakin mazurari da faranti don kada ƙamshi ya tsere, tunda lita ɗaya tana iya cin rabin awa ko fiye.

Hanyar ba ta rage ɗanɗano, ba ta cin kuɗi. Iyakarta ita ce ba ta taɓa hazon mai. A ɗaki mai ɗumi man ya narke cikin barasar, ko sau goma aka tace zai wuce ta takardar, ya sake fitowa daren farko da aka yi sanyi. Mutane da yawa a nan suke zargin takarda, alhali ba aikinta ba ne.

Rigakafin wannan yana wajen katakon. Gutsattsarin oak da aka saya a leda suna zuwa da ƙura, sai a ɗauraye su kafin a jefa. Giram 10 zuwa 20 a lita ya isa. Sabuwar ƙaramar ganga a cika ta da ruwa ta kumbura, a juye sau biyu ko uku har ruwan ya daina fitowa da baƙi. Katakon ya zama farin oak na Amurka ko oak na Turai da ya bushe a sarari shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Katakon gini da aka yi wa magani, ko itace mai ƙaro, yana sakin abin da ke sa hazo da ɗaci, wani ma da guba, kuma babu matatar da ke gyara shi.

Hazon mai: sanyaya-tace ko kashi 46

Nan ne ainihin zaɓin yake. Yis yana samar da wasu sinadarai masu maiƙo lokacin da tsimi ke tashi, irin su etil lauret da etil falmitet. Suna bin tururi su shiga barasa. Shi ma katakon yana ƙara nasa, musamman wani mai suna bita-sitosterol da sabuwar gangar da aka babbake ke bayarwa da yawa. Duk waɗannan suna narkewa a barasa mai ƙarfi, ba sa narkewa a ruwa. Muddin ƙarfi yana sama da wajen kashi 46, suna ɓoye. Da an sauko ƙasa da haka, ko sanyi ya kama kwalbar, sai su dunƙule su yi hazo, kamar yadda man gyaɗa ke yin fari a kwalba da sanyin hunturu ya koma garau in rana ta take. Ba alamar lalacewa ba ce, kuma ba ya cutarwa.

Hanya ta farko ita ce ta manyan kamfanoni masu sayar da wuski a kashi 40 ko 43. Suna sirka shi zuwa ƙarfin kwalba, su sanyaya shi zuwa wajen digiri 0 zuwa 4, wasu ma ƙasa da sifili, su bar shi wasu awanni man ya dunƙule, sannan su tura shi ta jerin takardun tacewa masu kauri. A gida ana kwaikwayon haka da firji. Tsarin yana da muhimmanci: a gama sirki tukuna, a bar ta ta huta mako ɗaya, sannan a sa tulun a firji awa 24 zuwa 48. Mazurari da takarda da kwalbar tarba duk su kwana a firji, tacewar ma a cikin firjin za a yi ta. In aka fito da tulun kan tebur, kafin rabin lita ta wuce barasar ta ɗumama, man ya narke ya bi ta, an yi aikin banza. Takardar kofi ɗaya ba ta cika kamawa ba. A ninka biyu ko uku, ko a nemi faifan tacewa mai mikron 1. Kada a matsa da ƙarfi, domin dunƙulen man mai taushi ne, matsi yana farfasa shi ya kutsa. Bayan an gama kada a ƙara ko cokali ɗaya na ruwa, in ba haka ba sabon hazo zai fito daga man da ya rage.

Wasu suna jefa tulun a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili. Barasa mai kashi 40 ba za ta daskare a nan ba, amma sanyin yana fito da abubuwa fiye da yadda ake bukata, har launi ya ragu, kaurin da ake ji a harshe ya tafi. Ka'idar ita ce barasa takan zauna garau har zuwa kusan sanyin da aka tace ta a kai. Wadda za a ajiye a kabad ba ta bukatar fiye da firji.

Hanya ta biyu ita ce kada a cire komai, a tsaya a kashi 46 ko sama. Haka wuskin Sikotland irin su Ardbeg mai shekara goma da Springbank mai shekara goma suke fitowa a kashi 46, Bunnahabhain a 46.3, kuma suna rubuta a jikin kwalba cewa ba a sanyaya an tace ba. Masu wannan ra'ayi suna cewa man da ake cirewa shi ke ba wuski jiki da santsi a baki. Masu wancan ra'ayi suna cewa bambancin kaɗan ne, ba kowa ke gane shi ba in an rufe masa ido. Gardamar ta daɗe, amma ga mai lita biyar ko goma a gida lissafin ya fi sauƙi. Kamfani yana sanyaya-tace ne don kada mai saye a wata ƙasa mai sanyi ya ga hazo ya mayar da kwalba. Mai gida ba shi da wannan damuwar, kayan aikinsa ba su kai na kamfani ba, kuma a ƙaramin aiki takarda tana shanye barasa, iska tana kwashe ƙamshi. A ganinmu kashi 46 ya fi dacewa da mafi yawan mutane. Sanyaya-tace sai ga wanda lallai kashi 40 yake so, ko wanda ke ajiye kwalba a firji kuma hazo yana ɓata masa rai. A sani dai cewa ko mai kashi 46 ɗin zai yi ɗan hazo in an jefa masa ƙanƙara a kofi.

Ga lissafin. Lita ɗaya mai kashi 62 tana bukatar kimanin mililita 360 na ruwa ta zama kashi 46, kimanin 455 ta zama 43, kimanin 565 ta zama 40. Jimillar takan gaza abin da aka haɗa da ɗan kaɗan, saboda ruwa da barasa suna tsukewa in sun gauraya. Wanda ya tsaya a 46 kwalabensa ba za su kai na mai 40 yawa ba, wannan shi ne kuɗin da yake biya.

Akwai tarko a ma'aunin ƙarfi. Yawancinsu an daidaita su ne a digiri 20. A kowane digiri ɗaya sama da haka suna ƙara kusan kashi 0.4. Wanda ya auna a ɗaki mai digiri 30 ya ga 46, abin da ke hannunsa bai wuce 42 ba, sai ya yi mamakin ganin hazo. A sanyaya samfurin zuwa digiri 20 kafin a karanta, ko a duba jadawalin gyara da ke zuwa tare da ma'aunin.

Wanda ya riga ya sirka zuwa 40 ya ga hazo, in yana da ragowar mai ƙarfi daga ganga ɗaya, ba sai ya je firji ba. Ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan yana juyawa har ya washe. Wannan ita ce gyara mafi arha, shi ya sa yake da kyau a ware kashi ɗaya cikin biyar ba a sirka ba.

Ruwan sirki

Hazon da ɗumi bai narkar ba kusan kullum daga ruwa yake. Itacen oak yana sakin asid ɗin okzalik cikin barasa. In ya haɗu da kalsiyam sai su zama gishirin da ba ya narkewa, ya fito a hankali cikin makonni ko watanni, ya kwanta a ƙasa. Shi ya sa kwalbar da aka cika garau take wayar gari da laka bayan an manta da ita. Ruwan famfo, ruwan rijiya, ruwan burtsatse, har da ruwan gora mai ma'adinai da ake ganin ya fi tsafta, duk suna ɗauke da kalsiyam da magniziyam. Tafasawa tana rage wani sashe ne kawai. Masana'antun Sikotland da ke alfahari da ruwan ƙoramarsu wajen jiƙa hatsi, in an zo sirkin kwalba ruwan da aka cire wa ma'adinai suke amfani da shi.

Zaɓi biyu ne masu kyau: ruwan da aka turara, ko wanda ya bi ta injin tacewa mai fatar matsi, wato injin da ke matsa ruwa ta wata siririyar fata ya cire masa ma'adinai. Ƙaramin ma'aunin ma'adinai na aljihu ya nuna ƙasa da 10. Ruwan batirin mota ba na sha ba ne, kada a yi amfani da shi. In ruwa yana da ƙarfe, ko an juya da cokali mai tsatsa, ƙarfen yana haɗuwa da sinadarin ɗacin katako ya mayar da barasar baƙi-baƙi ko toka-toka, wannan kuwa takarda ba ta cire shi.

Yadda ake zubawa ma yana da tasiri. Ruwa ake zubawa cikin barasa, a hankali, ana juyawa, dukkansu a ɗumi ɗaya. In aka juye barasa cikin ruwa, farkon abin da ya shiga yana faɗawa ƙarfi ƙasa sosai, man ya fito, wani lokaci ba ya komawa duka. Masu yin konyak, wato barasar inabi da ake dafawa, a Faransa suna sauko da ƙarfi mataki-mataki cikin watanni. A gida, daga 62 zuwa 55, a huta kwana uku, zuwa 50, a sake hutawa, sannan 46, ya wadatar.

In lakar kalsiyam ta riga ta fito, gaggawa ba ta da amfani. A juye kwalaben cikin tulu ɗaya, a ajiye wuri mai sanyi wata ɗaya zuwa biyu gishirin ya gama fitowa, a tsiyaye, a tace da mikron 1. Wanda ya tace a makon farko zai sake ganin laka. Wasu faifan tacewa masu arha su kansu suna sakin kalsiyam, don haka a nemi waɗanda aka yi don barasa, a kuma ɗauraye su da ruwan sirki.

Gawayi, da inda bai dace ba

Gawayin tacewa na musamman yana share hazo, amma ba ya bambance mai daga ƙamshi. Barasar da ta kwana a oak in ta bi ta cikinsa takan fito da launi a koɗe, ƙamshin banila da na katako sun tafi. Wurinsa kafin ganga ne. A jihar Tenesi ta Amurka, kamfanin wuski na Jack Daniel's yana ɗiga sabuwar barasa ta gawayin itacen mapul mai zurfin wajen mita uku kafin ta shiga ganga, ba a matsayin gyaran hazo ba. Ga barasa marar launi da ake son ta fito ba wari, gawayi yana da kyau a kashi 40 zuwa 50, bayan an wanke shi sosai, don garinsa da ma'adinansa ma suna jawo toka-toka. Ga wuskin da ya riga ya tsufa, shi ne zaɓi na ƙarshe.

Lokacin da tukunya ce kaɗai mafita

Wani hazon tun daga dahuwa aka ɗauko shi. Barasa tana fitowa kashi uku: goshi, tsakiya da wutsiya. Wutsiya cike take da mai masu nauyi, tana warin jiƙaƙƙen kwali. Wanda ya yi kwaɗayin yawa ya bar ta ta shiga tsakiya zai ga hazo tun a kashi 50, wani lokaci har da maiƙo yana yawo a sama. Goshin ma yana wanko man da dahuwar baya ta bari a bututu. A Sikotland akwai tsohon gwaji a kan haka: ana sirka abin da ke fitowa da ruwa zuwa kashi 45.7, in ya yi fari ba a fara tarar tsakiya ba sai ya fito garau. Haka kuma in aka cika tukunya fiye da kashi biyu cikin uku, ko wuta ta yi yawa, tsimin yana yin kumfa ya haura bututu ya shiga barasar. In wutsiyar kaɗan ce, sanyaya-tace zai rage hazon, ƙarin watanni a katako ya tausasa warin. In ta yi yawa, a sirka zuwa ƙasa da kashi 40 a sake dafawa. Launi da ɗanɗanon oak za su zauna a tukunya, watannin sun tafi, amma barasar ta tsira.

Shuɗi ko kore alama ce ta gishirin jan ƙarfe, daga bututun da ya yi tsatsar kore ko daga abincin yis mai amoniya da ya yi yawa. Ba a shan ta. A wanke bututun da ruwan asid ɗin lemon tsami, a ɗauraye, a sake dafawa. Barasar da ta zauna a jarkar roba ko ta bi ta tiyon roba mai taushi tana ƙarfi sama da kashi 60 tana narko sinadaran robar, ta yi fari da an sa ruwa, ga warin roba. Wannan zubarwa ake yi. Gilas, ƙarfe mara tsatsa da katakon oak ne kawai ya kamata su daɗe tare da barasa mai ƙarfi.

Garau ba shi ne lafiya ba. Metanol ba shi da launi, ba ya sa hazo, babu takarda ko firjin da ke cire shi. Mutanen da suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas a 2015 bayan shan ogogoro, metanol ne ya kashe su. Haka dalmar da ke fitowa daga bututun da aka liƙe da dalma ko daga lagireton mota, ido ba ya ganinta. Barasar da ake shakkar asalinta ko kayan da aka dafa ta da su ba ta cikin waɗanda ake gyarawa da tacewa.

Kafin a cika kwalabe, a ɗebi mililita 100 daga abin da aka gama, a raba biyu. Rabi ya yi mako ɗaya a firji, rabi ya yi wata ɗaya a kabad. In na firji ya yi hazo ya kuma washe da ya ɗumama, mai ne, sai a yanke shawara tsakanin ƙara ƙarfi da sanyaya-tace. In na kabad ya ajiye laka, tulun bai gama kwanciya ba, a ƙara masa wata guda. Kwalaben kuma a yi musu ɗaurayar ƙarshe da ruwan sirki, a kife su su bushe sarai, domin ɗigon ruwan famfo ko na sabulu da ya rage a gindi ya isa ya dusashe kwalba guda.